Fasali a kan ɗan da ya faɗa shan ƙwaya

Uban da ɗansa ya faɗa shan ƙwaya,
Riƙe bakinka, kada ka yi tsinewa.
Shaiɗan ya ja shi da hannu ɗaya,
Kai ko ka tura, ina shi da dawowa?
Ku zaunar da shi in ya wartsake,
Mai maye ba ya jin kiran kowa.

Sharhi

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, abin da mai waƙa yake nufi da ƙwaya shi ne irin su tramol, maganin ciwo da samari ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi suke haɗiya don kada su ji gajiya, har ya zama ba su iya tashi sai da shi. Haramcin abin da ke gusar da hankali ba shi da saɓani. Maganarmu a nan a kan iyaye take.

Hujjar hana tsinuwa tana cikin Bukhari. Sayyidina Umar ya ba da labarin wani sahabi, Abdullahi, da ake yi wa laƙabi da Himar, wanda yakan sa Annabi (S.A.W.) dariya. An sha kawo shi a kan shan giya, ana yi masa bulala. Ran nan wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Duba fa: haddi bai faɗi ba, la'ana ce aka hana. To, ina ga bakin uwa, wanda ba ya faɗuwa ƙasa banza? Wata takan ce zafin rai ne. Zafin rai ba ya mayar da kibiya.

Faɗarsa "ku zaunar da shi" yana nufin mutum uku ko huɗu waɗanda yaron yake jin nauyinsu, kamar kawu da malaminsa, a cikin gida, ba a bainar jama'a ba. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da gori. A yanke masa kuɗin hannu, amma kada a hana shi tuwo ko ɗaki, domin wanda aka kora tasha ce za ta karɓe shi.

Sa'an nan a kai shi gidan likita. Wanda jikinsa ya saba da tramol, in ya bari farat ɗaya, sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci su kama shi; likita ne ya san yadda ake ragewa. Giya ma a hankali aka hana ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Addu'a da rubutu a ci gaba da su tare da magani.

Amma gidan mari, a'a. A 2019 ƴan sanda sun buɗe wani a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu.