Taro Cikin Ruwan Sama

Karatu: Ezra 10:7-17

Bari mu duba taro biyu da ruwan sama ya sauka a kansu.

A cikin watan Agusta na shekara ta 1969, daga ranar 15 zuwa 18 ga wata, samari da 'yan mata wajen dubu 400 suka taru a gonar wani mai kiwon shanu, Max Yasgur, a Jihar New York ta ƙasar Amurka. Sun zo jin kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙe ne, bikin da ake kira Woodstock. Sunan garin kuwa Betel, sunan nan da Yakubu ya ba wurin da ya yi mafarkin tsani, ma'anarsa gidan Allah. Hanyoyi suka cushe har mutane suka bar motocinsu suka ƙarasa da ƙafa. Abinci ya ƙare, sai da mutanen ƙauyukan kewaye suka taimaka. Ran Lahadi da yamma hadari ya taso da iska, aka tsai da kiɗa sa'o'i da dama, gama akwai tsoron wutar lantarki cikin ruwa. Gonar ta zama taɓo. Duk da haka dubbai suka zauna a jiƙe, suna jiran a sāke farawa.

Ba mu kawo labarin nan domin mu yaba bikin ba. An sha ƙwayoyi masu sa maye a wurin, an yi abin kunya da yawa, har wani saurayi ya mutu da tarakta ta taka shi yana barci. Amma akwai abu ɗaya da ba mu da ikon mu musanta: ba wanda ya tilasta musu. Abin da zuciyarsu ke so ne ya riƙe su a cikin taɓon.

Yanzu sai mu juya ga Urushalima a kwanakin Ezra. Aka yi shela cewa dukan waɗanda suka komo daga bauta su hallara cikin kwana uku, wanda bai zo ba kuwa za a ƙwace dukiyarsa a kuma ware shi daga jama'a. Suka zo ran 20 ga wata na tara, lokacin sanyi da ruwa a ƙasar. Suka zauna a filin gaban Haikali suna rawar jiki, saboda ruwa, da kuma saboda nauyin zancen, gama Ezra ya tsaya yana tone laifinsu na auren matan al'ummai masu bautar gumaka. Waɗancan na Amurka sun jiƙe domin su ji abin da ke musu daɗi. Waɗannan sun jiƙe suna jin abin da ke sukar zuciya, suka kuwa amsa da babbar murya cewa za su yi biyayya.

To, mu fa? Mun san yadda majami'unmu su kan zama da damina. Hadari ya haɗu da safiyar Lahadi, mai wa'azi ya iske benci wofi, sai tsofaffin mata uku ko huɗu da suka rufa da buhu suka zo. Ran kasuwa kuwa, ko ana zuba kamar da bakin ƙwarya, mutum ya kan ɗauki kayansa ya tafi mil biyar. Gona ma ba ta jiran a ɗauke. Ashe ba ruwan ne ke hana mu ba.

Amma kada wani dattijon ekklesiya ya ɗauki wannan ya mai da shi sanda. Mu lura da abin da jama'ar Ezra suka yi bayan sun amsa. Suka ce mutane sun yi yawa, ruwa kuwa yana zuba, ba su iya tsayawa a waje ba, aikin kuma ya fi na yini ɗaya ko biyu. Sai a bar shugabanni su zauna a kansa, kowane gari ya zo a lokacinsa. Littafin bai ce an tsauta musu domin wannan ba. Haka nan mai jego da jinjiri, da tsoho mai tari, da wanda rafi ya cika tsakaninsa da majami'a, kada mu zarge su. Mu aika wani ya kai musu karatun ranar, a yi addu'a tare da su a gida. Inda jinkar majami'a ke yoyo kuwa, maza su gyara ta tun da rani, kada mu ɗora wa mata da yara laifin abin da mu muka bari.

Shugabannin nan suka fara zama ran 1 ga wata na goma, suna sauraron mutum ɗaya ɗaya, ba su gama ba sai ran 1 ga wata na fari. Wata uku ke nan suna kan aikin da aka soma a cikin ruwa.