Darasi na 9: Zakka Ya Koma Wurin Aikinsa

Karatu: Luka 19:1-10; Afisawa 6:10-18.

Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko. Romawa suke da mulki, shi kuwa yana tara musu kuɗi, abin da ya ɗora a kai ya shiga aljihunsa. Domin wannan 'yan'uwansa Yahudawa suka ƙi shi.

Ran da Ubangiji Yesu ya sauka a gidansa, tubarsa ta fara daga jakar kuɗi. Bisa ga Littafin Ƙidaya 5:7, mai zamba zai mayar da abin da ya ci, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka kuwa ya ɗauki alkawarin riɓi huɗu, ban da rabin dukiyarsa ga matalauta. Ba wanda ya tilasta shi.

Amma ku lura, ba a rubuta cewa Yesu ya umurce shi ya bar aikin ba. Yohanna Maibaftisma ma bai kori masu haraji daga aikinsu ba, ƙari kaɗai ya hana su (Luka 3:12-13).

Ɗan'uwa, nan ne yaƙinka yake. Shaiɗan ba safai yake taran sabon mai bi a ɗakin sujada ba. Wurin mudu da sikeli yake jiransa, ko a ofis, sa'ad da abokan aiki suka miƙo masa rabonsa na toshiya. Idan ya ƙi, za su yi masa ba'a, wataƙila ma su ƙulla masa sharri. Duk da haka Bulus ya nuna ba su ne magabtanmu ba, kada mu ƙi su.

Tambaya: Akwai wanda ka cuta kafin ka tuba? Yaushe za ka je wurinsa?