Ƙarin Sifirin da Haddin Kaya a Mahangar Fikihu

Idan aka ɗaura wa a-kori-kura tirela, wani kaso na nauyin tirelar, wanda masana ke son ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, yakan sauka a kan mahaɗin da ke bayan motar, sai bayan ya durƙusa, gaban ya ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Maganin da makanikai suka saba da shi shi ne ƙara falle a sifirin, wato jerin ƙarafa masu lanƙwasa da ke tsakanin gangar mota da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ko kuma sanya jakar iska da ake hurawa, wadda ta yawaita a Amurka. Motar takan miƙe, amma haddin nauyin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ba ya ƙaruwa, domin birki da tayoyi da shasi suna nan yadda aka ƙera su.

Malaman fikihu sun tattauna irin wannan matsala a babin hayar dabbobi, inda suka bayyana cewa wanda ya yi hayar raƙumi ko jaki, ya aza masa abin da ya zarce sharaɗi har dabbar ta halaka, ya yi ta'addi, wato ƙetare iyakar da aka yarje masa, kuma lamuni, biyan abin da ya salwanta, ya hau kansa. Abu Dawuda ma ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa wani mutumin Madina a kan yunwatar da raƙuminsa da wahalar da shi. Mota kuwa ba ta jin zafi, don haka haƙƙin da ke cikinta na yaron mota ne, da fasinja, da mai babur ɗin da ke gabanta a gangara.

Durƙusawar bayan mota shaida ce da ke gaya wa direba cewa lodi ya yi yawa, kuma ƙarin sifirin yana iya rufe bakin wannan shaida ba tare da ya sauke ko buhu ɗaya ba. Saboda haka hukuncin ƙarfen da aka ƙara yana bin abin da aka aza bayan ƙara shi. Wanda ya yi gyaran don motar ta daidaita alhali kayansa na cikin haddi ya kyautata, ya kuma kiyaye amana. Wanda ya ɗauki miƙewar motar a matsayin izinin ƙarin lodi kuwa, da wuya a karɓi uzurinsa na ƙaddara ranar da birki ya ƙi ci, tun da ganin idon da ya dogara da shi shi da kansa ya biya makanike ya sauya shi, adadin da ke jikin ƙofa kuma bai goge ba.