Ku Tufatar da Karatun da Ke Yawo a Wayoyinmu

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah da ya ba mu ji da gani, ya koya mana magana tun kafin hannunmu ya iya riƙe alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku iyayena da ’yan’uwana na Haɗeja da kewaye, mutanen Auyo da Kafin Hausa, mutanen Guri da Kirikasamma, mutanen Birniwa da Kaugama da Malam Madori, ku ara mini kunnuwanku. Maganata ta yau a kan abu ne da idan na faɗe shi wasu za su ce ƙarami ne, alhali ina jiye mana tambaya a kansa ranar gobe.

Duk mai waya a aljihu ya buɗe inda muryoyi suke, ya duba. Ga tafsirin azumin bara, ga karatun Ahalari da Iziyya, ga Ishiriniya, ga littafin labari da wani bawan Allah ya zauna ya karanta kashi arba’in. Da wane suna suke zaune a wayarka? AUD-20230412-WA0007. Wani ma ko wannan bai samu ba, sai “Track 12”. A gefensa ɗan akwati ne mai launin toka da alamar kiɗa. Babu sunan littafi, babu sunan marubuci, babu sunan malamin da ya yi karatun, babu kashi na nawa ne. Mai tura karatu a bakin kasuwa ya zuba maka ɗari biyu a memori, ka kai gida, na bakwai ya riga na uku, na goma ya ɓata, kuma a tsakiyar tafsiri wata waƙar da ba ka nema ba ta faɗo. Ilimi ne ke yawo a cikinmu tsirara, daga waya zuwa waya, kuma ba mu ji kunya ba.

Su wa ke saurare? Manomin da ya kwana a gonar shinkafa, ya tashi tun asuba yana korar jan-baki, wayarsa na rataye a wuya. Masuncin da ke tura kwalekwale ta cikin kacalla, hannuwansa biyu suna aiki, kunnensa kaɗai ke da sarari. Matar aure da ke surfe da tankaɗe, wadda aka cire daga makaranta tun tana aji huɗu. Direban da ke kai kifi Kano. Da tsohuwar da yana ta rufe wa ido, wadda a da take karanta izu guda kowace safiya, yau sai abin da aka kunna mata. Waɗannan su ne ɗaliban makarantar murya, kuma sun fi ɗaliban kowace makaranta a masarautar nan yawa. Me muka tanadar musu?

Ya ku ’yan’uwa, sunan mai magana amana ne. Magabata irin su Ibnu Sirin sun yi ta gargaɗi cewa mutum ya duba wurin wa yake ɗaukar addininsa, kuma a kan haka aka gina ilimin isnadi, aka ƙi karɓar zance sai an san wanda ya kawo shi. Mu kuwa yau muna karɓar fatawa daga muryar da ba mu san mai ita ba. A yanki minti biyu daga karatun awa guda, a jingina wa malamin da bai faɗa ba, a watsa, gari ya ɗauka, zumunci ya lalace, almajiran wancan su daina gaisawa da na wannan. Da ace tun farko an rubuta a fuskar karatun cewa wane ne ya yi shi, a masallaci kaza, a shekara kaza, kashi na kaza, da mai son tabbatarwa ya san inda zai nufa, da maƙaryaci ya sha wuya kafin ya samu kasuwa.

Iyayenmu ba haka suka riƙe karatu ba, ku ma shaida ne, domin ƙasar nan ƙasar tsangaya ce, ƙasar gwanaye da alarammomi. Alaramma zai shafe watanni yana rubuta Alƙur’ani da ka. Idan ya gama da baƙar tawada, ya dawo da ja ya sa wasula, ya ɗiga ɗorawa inda take zama, ya zana alamar izu da ta sumuni a gefen shafi, kowace da siffarta, ta yadda ko daga nesa ka hango ka san inda kake. Ya ƙawata farkon littafi da zayyana. Sannan a kai wa baduku ya yi tadarishi, ya ɗinka gafaka da jar fata. A ƙarshen littattafai da yawa na da, za ka tarar marubuci ya sa sunansa da sunan mai littafin, ya roƙi mai karatu addu’a. Yaro ma idan ya yi sauka, ba a fito da shi da allo fari fat, sai an yi wa allon zayyana. Ba su da lantarki, ba su da kwamfuta, amma ba su taɓa sakin karatu ya fita ba sutura ba.

Ko a karatun baka ma sun san darajar alama. Nana Asma’u ’yar Shehu, da ta tura jajojinta ƙauyuka su koyar da mata ta hanyar waƙoƙin da suka haddace, sai da ta ɗora wa kowace jaji malfa, aka naɗe ta da jan ƙyalle, don duk wanda ya gan ta ya san daga ina karatun ya fito, kuma da izinin wa. Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, amma Imfiraji ta shiga kowane lungu na ƙasar Hausa ta bakin masu rerawa, kuma sunansa bai rabu da ita ba. Namu na gida, Mu’azu Haɗeja, ya bar duniya tun 1958, yau jikokinmu za su iya jin ana rera waƙarsa a waya ba su san ɗan garinsu ne ya yi ta ba. Wannan laifin wa?

Ku ji abin da waɗansu suka yi. A Ingila, tun 1935 aka fara ɗaukar karatun littattafai a faifai saboda makafi, ciki har da sojojin da suka rasa idanu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 2005 wani mutumin Kanada mai suna Hugh McGuire ya kafa LibriVox, inda ’yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, su ba duniya kyauta. Abin da suka kammala ya haura 15,000. Wani ya karanta, wani ya saurara ya kamo kuskure, wani kuma aikinsa ke nan kawai: ya zana bango, ya rubuta sunan littafi da na marubuci, ya zaɓi hoton da babu haƙƙin kowa a kansa. Babu mai karɓar ko sisi. Mu da muka yi imani cewa ilimi mai amfani na cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum har kabari, mu ya kamata a zo a koya a wurinmu.

To, ina matasanmu masu zane? Na san kuna nan. Ku ne kuke haɗa fastar ɗan takara cikin dare ɗaya, ku goge masa fuska har ya fi ranar angwancinsa kyau. Ku ne kuke yin katin ɗaurin aure da na walima, da sanarwar shago, da hoton barka da Juma’a. Wasunku a Binyaminu Usman Polytechnic suka koya, wasu a jami’ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wasu kuwa su da wayarsu da Canva suka koya wa kansu. Ban hana ku neman halali ba, Allah ya sa albarka a ciki. Amma ’ya’yana, fastar siyasa damina ɗaya ke wanke ta daga jikin bango. Wanda ya ba ku idon gane launi da hannun daidaita layi zai tambaye ku ƙuruciyarku a me ta ƙare, zai tambaye ku abin da kuka sani me kuka yi da shi. Me za ku ajiye a wancan mizani? Mai dukiya yana fitar da zakka. Mai gona yana fitar da ushiri. Ku fa, me kuke fitarwa daga baiwarku?

Aikin ba mai wuya ba ne, amma yana son a kyautata shi, domin Allah yana son bawan da idan ya kama aiki yake inganta shi. Ka tuna bangon da ka zana a babban allo zai koma kamar farcen babban yatsa a fuskar ƙaramar waya, saboda haka ka yi shi murabba’i, ka manyanta haruffa, ka rage tarkace. Ka zaɓi rubutun da ya san ƙ da ɗ da ɓ, kada sunan littafi ya fito da akwatuna a tsakiyarsa. Ka sa lambar kashi ƙatuwa a kusurwa. Ka rubuta da boko, ka rubuta da ajami, domin a garuruwanmu akwai dubban mutanen da ake ce wa ba su iya karatu ba alhali ajami a hannunsu kamar ruwa yake. Ka ba kowane littafi launinsa, ya bi shi daga kashin farko har na ƙarshe, don uwarmu da ba ta san harafi ba ta ce wa jikanta ya kunna mata mai koren nan. Sannan ka cusa hoton a cikin fayil ɗin kansa tare da sunayen, yadda ko ta Bluetooth ko ta Xender aka tura shi zai tafi da rigarsa. Ka kuma rage masa nauyi, kada ka cinye wa talaka data.

Me za ka zana? Malamai sun yi magana mai tsawo a kan hoton abu mai rai, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Amma ga fili nan da babu saɓani a cikinsa. Ga zayyanar allo da ta gefen Alƙur’ani. Ga zanen bangon soro da na wuyan babbar riga. Ga kogin nan namu da giginya da goruba, ga fadama lokacin da shinkafa ta yi kore, ga ƙofar gari. Allah ya ajiye ku a wurin da tsuntsaye ke ƙetaro sahara daga Turai su sauka a Baturiya, sannan ku rasa abin da za ku sa a bango sai hoton da kuka tsinta a intanet?

A nan zan yi kashedi, kuma da gaske nake. Kada ka ɗauki hoton ’yar mutane daga Facebook ka liƙa a bangon littafin soyayya don a danna. Tana da uba, tana da miji ko za ta yi, kuma za ta tsaya da kai a gaban Allah. Kada ka sa na’ura ta ƙirƙiro fuska ka ce ta Shehu ce ko ta wani waliyyi, balle Annabawa da sahabbai. Kada bango ya yi alkawarin abin da babu shi a ciki, domin ƙarya ce ko da launi aka yi ta. Kuma kada ka yi wa kayan sata ado. Marubutanmu, musamman matan da ke rubutu cikin dare bayan yara sun yi barci, ana karanta littattafansu a YouTube ana cin kuɗi ba da saninsu ba. Ka nemi izini kafin ka taɓa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da ta sauƙaƙa mayar da littattafai zuwa siffar da makafi za su amfana, amma wannan rangwame don makafi aka yi shi, kada wani ya fake da shi ya ci gumin marubuci.

Wani zai ce, Malam, makaho ina ruwansa da bango? Ruwansa babba ne. Yaron da ke zaɓar masa karatu da ido yake zaɓa. Wayar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, sunan fayil take karantawa, idan ka bar shi lambobi, lambobi za ta jero masa. Ku tuna Allah ya saukar da farkon sura guda saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi aka shagala da manyan gari. Idan fiyayyen halitta aka yi masa wannan tunatarwa, ni da kai wa ya ba mu tabbacin za a ƙyale mu?

Mutanen Haɗeja, ba ni zan koya muku aikin gayya ba. A 2020 da 2022, da ruwa ya taso wa gari, na ga malami da ɗan kasuwa da almajiri kafaɗa da kafaɗa a bakin jinga, wani na cika buhu da ƙasa, wani na ɗauka, mata na aiko da abinci, babu mai tambayar nawa za a ba shi. Ruwan nan ya ci littattafai a gidaje da dama, kuma wasu karatuttukan dattawan da suka riga mu gidan gaskiya yanzu a tsohon kaset ko memori guda kaɗai suka rage. Irin waccan gayyar nake kira a yi musu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma kafin Juma’a mai zuwa nake nemansa. Kowane masallaci da kowace Islamiyya su tattaro karatun da suke da shi, liman ko mai makaranta ya tabbatar da sunan malami da littafi da shekara. Matasa masu zane su rubuta sunayensu wurin ladan yau ɗin nan kafin su fita, kowa ya ɗauki littafi ɗaya ya gama shi kafin ya ɗauki wani. ’Yan mata da matan aure masu wannan baiwa, ku yi daga ɗakunanku, a turo ta hannun malamarku. Masu tura karatu a kasuwa, ku karɓi gyararren ku goge na da. Masu hali, ku sayi data da caji, ku saya wa yaran nan memori. Iyaye kuma, idan kun ga ɗanku ya duƙufa a kan waya yana wannan aiki, ku sa masa albarka. Allah ya karɓa daga mai karatu da mai zane da mai saurare, ya jiƙan malamanmu da muryoyinsu suka rage a hannunmu, ya ba marasa lafiyar ido lafiya.