Shin Daidai Ne A Tsare Dabba Don Kallo?

A ƙasar Amurka, cikin jihar Fulorida, akwai wani gari da ake kira Olando. Sana'ar da aka fi sanin garin nan da ita, ita ce karɓar baƙi masu yawon buɗe ido. Magidanta sukan yi shekara guda suna tara kuɗi domin su kai iyalinsu can lokacin hutun makaranta. Cikin wuraren da ake zuwa akwai biyu waɗanda dabbobi ne jarinsu. Ɗaya sunansa SeaWorld, na dabbobin teku, an buɗe shi cikin 1973. Ɗayan kuwa shi ne Animal Kingdom na kamfanin Disney, na namun daji, an buɗe shi cikin 1998.

To, a ce ga wani magidanci da matarsa da 'ya'ya uku, guzurinsu bai isa su shiga duka biyu ba, gama a na Disney kuɗin shigar babban mutum guda ya wuce dala 100. Tilas ya zaɓi ɗaya. Tambayar da takan fara zo masa ita ce, wanne ya fi araha, wanne kuma yara za su fi murna da shi? Amma akwai wata tambaya a ƙarƙashin wannan, wadda ba a rubuta ta a bakin ƙofa ba. Watau, dabbar da za a biya kuɗi a kalla, me aka karɓe mata kafin a kawo ta nan, kuma mai kallo yana da hannu cikin abin ko ba shi da shi?

Abin da ya ɗaukaka sunan SeaWorld wata dabba ce da ake kira oka. Siffarta ta kifi ce, baƙi da fari, amma ba kifi ba ce: haihuwa take yi, ta ba ɗanta nono, kuma sai ta ɗago kai sama take shan iska. A teku dangi dangi suke tafiya, kowane dangi da irin kukansa da suke gane juna da shi. A waɗansu dangogin, namiji ba ya rabuwa da uwarsa har ɗayansu ya mutu. Sukan yi tafiyar mil da yawa a yini guda, wani lokaci har kusan mil 100. Tafkin da ake wasa da su a Olando kuwa zurfinsa bai kai ƙafa 40 ba. Kifin rijiya da ake yi wa dariya ma ya fi su sauƙi, domin shi bai taɓa sanin kogi ba.

Akwai wani namijinsu mai suna Tilikum. An kama shi kusa da tsibirin Aisilan cikin 1983, yana da kamar shekara 2. Ya girma har nauyinsa ya wuce tan 5. Ran 24 ga Fabrairu, 2010, a gaban baƙi, ya jawo matar da ke koya masa wasa cikin ruwa, ta mutu. Ita ce ta uku da ta rasa ranta a tafkin da yake ciki. Abin lura a nan shi ne, ba a taɓa samun tabbataccen labarin oka ya kashe mutum a cikin teku ba. Ruwa ba ya tsami banza. Cikin 2013 aka fitar da wani fim mai suna Blackfish a kan rayuwarsa, masu zuwa kallo suka ragu, cikin 2016 kamfanin ya ba da sanarwa ya daina haɗa su don su hayayyafa. Shi kuwa Tilikum ya mutu a farkon 2017, bayan shekara 33 a tsare.

Sai dai adalci ya hana a tsaya nan. Wannan gida na SeaWorld yana da asibitin ayu, irin dabbar nan da masuntan Binuwai da Kwara suka sani, wadda ke da 'yar'uwa a ruwayen Fulorida. Cikin 2021 ayu fiye da 1,000 suka mutu a jihar, da yawansu saboda yunwa, don ciyawar ruwan da suke ci ta ƙare. Cikin waɗanda aka tsamo da sauran numfashi, an kai waɗansu can aka yi jinyarsu, aka mai da su ruwa. Kuɗin mai kallo yana cikin abin da ke riƙe da tafkin oka, yana kuma cikin abin da ke riƙe da asibitin, ba kuwa yadda zai ce a raba masa.

Animal Kingdom fili ne mai girma, ya fi eka 500. A cikinsa an ware kamar eka 110 an mai da shi tamkar dajin Afirka ta gabas. A nan mutane ne ke cikin mota a takure, raƙuman dawa da jakunan dawa suna kiwo, dorina tana cikin ruwanta. Wanda ya gani zai ce dabbobin nan sake suke. Ba haka ba ne. Akwai ramuka da shingaye da aka ɓoye a bayan ciyayi, kukokin da ke tsaye a filin na siminti ne, da dare kuwa galibin dabbobin akan kora su ɗakunan kwana. Gidan sarƙa ne shi ma, sai dai an yalwata shi, an kuma ɓoye sarƙar. Amma yalwar nan ba ƙaramin abu ba ce ga mai ƙafa huɗu. Raƙumin dawa yana samun ganye a bisa, da ƙasa a ƙarƙashin kofato, da 'yan'uwa a gefensa, ba kuwa wanda ya ce sai ya yi tsalle kafin a ba shi abinci.

Masu kare irin waɗannan gidaje suna da hujja biyu. Ta fari, sun ce gani ya kori ji: yaron da ya tsaya gaban giwa ya ga girmanta, ba zai so a ƙarar da giwaye ba idan ya girma. Wannan magana tana da ƙarfi, amma tana da rami. Yaro yakan koyi abin da ya gani ne, ba abin da aka rubuta a allo ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ya ga gardi yana jan kura da takunkumi, ya san ba halin kura yara ke koya a wurin ba, ƙarfin gardi suke koya. Haka yaron da ya ga oka yana fantsama ruwa bisa umurni don a jefa masa kifi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Mariri, wanda dā yake yawo a sahel, ya ƙare ƙaf a daji, har cikin 2000 aka ba da sanarwar haka. Waɗanda suka rage a gidajen dabbobi da garkunan ajiya su aka tara, cikin 2016 aka fara sakin su a ƙasar Cadi, yanzu suna haihuwa a dajinsu. Har wa yau, cikin 2006 an ɗauki karkanda biyu da aka haifa a Animal Kingdom an kai su Yuganda, inda mafarauta suka riga suka ƙarar da irinsu. Ashe tsarewa takan zama ceto. Amma ceton yana da sharaɗi, shi ne a ce ƙofar tana buɗewa ta waje. Tsaron da ke da ranar saki jinya ne. Wanda ba shi da ita kuwa, sai a nemo masa wani suna.

Da wannan ma'auni magidancin nan zai iya auna gidajen biyu, kuma rinjaye yana wajen filin namun daji, ko da yake shi ma ba wankakke ba ne. Ba don giwa ta fi oka daraja ba, sai don ɗan Adam yana iya kwaikwayon daji gwargwado, amma ba mai iya gina teku. Gwamnatin Kanada ta bi wannan ra'ayi cikin 2019, ta kafa doka ta hana kama irin waɗannan dabbobin teku ko kiwata sababbi don nishaɗi.

Sauran magana ita ce ta waɗanda ke cikin tafki tun tuni, kuma a nan ne abin ya yi wuya. Mai tausayi zai ce a buɗe musu su tafi. An taɓa gwadawa da wani oka mai suna Keiko, wanda aka yi fim da shi cikin 1993. Aka kashe dukiya mai yawa, aka mai da shi ruwan Aisilan cikin 1998, aka yi shekaru ana koya masa farauta. Cikin 2002 ya yi iyo har Norwe. Da ya isa, bai bi dangin oka ba, sai ya shiga wani lungun teku kusa da ƙauye yana neman mutane, yara suna shiga ruwa suna taɓa shi. A ƙasar ya mutu da ciwon huhu cikin Disamba, 2003. Galibin waɗanda suka rage a Olando kuwa a tafki aka haife su, ba su taɓa ganin teku ba, kuma waɗansunsu suna da sauran shekaru masu yawa a gaba, ko magidancin nan ya sayi tikiti ko bai saya ba.