Kaɗaicin ɗan biɗa da haƙƙinsa a kan zawiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk shekara da an gama girbi samari daga Tawa, Damagaram da Maraɗi kan bi ta Agadas zuwa Sabha ko Tamanrasat neman na kai. Gida ana lissafin kuɗin da suka aiko, amma ba a cika tambayar yadda suke kwana ba. Wani yana ɗaki guda da mutum goma, babu wanda zai faɗa wa damuwarsa. Ba shi da takardu, kullum yana tsoron a kwashe shi zuwa Asamaka. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ƙarshe wani ya miƙa masa tramol.

Masu cewa wannan ƙarancin tawakkali ne sun yi gaggawa. Da Sayyidina Bilal ya isa Madina, zazzaɓi ya kama shi, ya riƙa begen Makka a fili. Manzon Allah (SAW) bai tsawata masa ba, sai ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina. Kuma ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, kamar yadda ya haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u.

Halwar da shehunai ke sa muridi tana da izini, da iyaka, da mai kula. Kaɗaicin baƙunta ba shi da ko ɗaya. Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda shi ma ya bar ƙasar haihuwarsa ya zauna Fas a 1798, ya bar mana lazimi na mutum shi kaɗai, safe da maraice, amma wazifa da zikirin Juma'a cikin jama'a ake yin su matuƙar akwai ƴan'uwa a garin. Ko su uku ne a bayan shago, su shimfiɗa farin ƙyalle su zauna. Nan ake gane wanda ya rame, da wanda ya kwana biyu bai zo ba.

Muƙaddamin gida kuwa ya riƙe lambobin muridansa da ke waje, ya kira su ba don hadiyya ba. Wanda ya yi makonni ba barci, ko ya fara zancen gara mutuwa, a raka shi wurin likita, a ci gaba da yi masa addu'a, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Allah Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya, albarkar Annabi (SAW).