Garma a ƙofar gida

Baffana mai walda ne a Jalingo, can wajen Mile Six. Shekara biyu ke nan yana haɗa tarakta da hannunsa. Injin nika na dizal ya ɗora a kan firam, ya ciro famfon mai daga wata matacciyar tifa a wurin 'yan gwangwan, ya ja tiyo zuwa jek ɗin da ke ɗaga garma ya sauke ta. Shi mai ba ya matsuwa; in aka danne shi a siririn bututu, sai ya kai ƙarfin ga mai faɗi a ninke. Ranar da na ga ƙaramin yaro ya taɓa liba da yatsa biyu garma ta tashi, sai da na yi salati.

Wani abokin karatuna ne ya dagula mini lissafi. Ya tuna mini hadisin Abu Umama a cikin Bukhari, wanda ke nuna cewa kayan noma in sun shiga gida, ƙasƙanci na biye da su. Na kwana da maganar nan a raina. To, Baffa ƙasƙanci yake ƙera mana ke nan?

Da na koma littafin, sai na tarar Imamu Bukhari ya sa hadisin a babin gargaɗi kan shagala da kayan noma da wuce iyaka. Dab da shi kuma ga hadisin Anas, mai bayyana cewa shukar da tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci sadaka ce ga mai ita. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, cikin farillan kifaya ya lissafa noma da saƙa: in gari ya rasa masu yi, laifin ya hau kan kowa. Garma kuwa ba ta ƙera kanta.

Ni dai ƙasƙancin da na gani da idona daban ne. Mahaifiyata ta biya kuɗin hayar tarakta tun kafin ruwa ya sauka, don 'yar gonarta ta shinkafa a fadamar Lamurde. Mako uku tana sintiri ana ce mata gobe, masu manyan gonaki na wucewa gabanta, har lokacin shuka ya kusa kuɓuce mata. A 2022 ne, shekarar da dizal ya yi tashin gwauron zabo. Har yau in na tuna yadda take rage murya tana roƙon direban da bai wuce sa'an ɗanta ba, zuciyata takan yi zafi.

Duk da haka ban ce gargaɗin ya bar mu ba. Ƙarfe na da daɗin shagala, na ga yadda yake cinye wa Baffa dare. Na karanta masa hadisin yana kwance a ƙarƙashin injin. Ya yi shiru jim kaɗan.

"Ɗana, wannan maganar ta taɓa ni," in ji shi. "Jiya sai dab da Magariba na yi La'asar."

Ya fito ya goge hannu da tsumma, ya aiki yaro ya ɗebo ruwa a buta. Tiyon yana ta ɗigar da mai a kan yashi.